Bashin NELFUND, tallafin karatu ko kuɗin gida: da wanne za a kai yaro jami'a?

Ranar da sunan yaro ya fito a shafin JAMB cewa ya samu gurbi, gida kan cika da barka da arziki. Kafin mako ya zagayo an koma lissafi: kuɗin karɓar gurbi, kuɗin rajista, kuɗin ɗaki, gwajin asibiti, kuɗin mota, katifa da bokiti da ɗan garin da zai tafi da shi. Makaranta kuma ta riga ta sa wa'adi, wa'adin da ba ya jiran ƙarshen wata, ba ya jiran a ɗebe amfanin gona. Tun daga 2023 wannan lissafin ya ƙara nauyi. An cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, kuma a shekarar ce jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista, wasu har ninki. Gwamnati ta ce karatun kansa kyauta ne a jami'o'inta, kuɗin hidimomi kawai ake biya, amma ko me aka kira shi daga aljihun iyaye yake fita.

Hanyoyi uku ne a gaban mafi yawan gidajenmu. Akwai bashin karatu na gwamnatin tarayya wanda asusun NELFUND ke bayarwa. Akwai tallafin karatu, wato sikolashif da ba a mayarwa, na tarayya ko na jiha ko na kamfanoni. Sai kuɗin gida: albashi, adashi, sayar da dabba ko hatsi, gudummawar dangi, rancen banki. Iyaye kan tambayi wanne ya fi, kamar ukun rana ɗaya suke zuwa a zaɓi guda. Kowannensu da lokacinsa, kuma yawancin asarar da ake tafkawa daga rashin sanin lokacin take tasowa. Wani ya zauna jiran sikolashif a watan da ake rufe rajista, wani ya sayar da gona saboda kuɗin da gwamnati za ta iya ranta wa ɗansa ba ruwa.

Bari mu fara da bashin, domin shi ne sabo, kuma a kansa aka fi samun ruɗani. Ruɗanin yana da dalili. Dokar farko da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a ranar 12 ga Yunin 2023 ta zo da sharuɗɗa masu tsauri: sai abin da gidan yake samu bai kai Naira 500,000 a shekara ba, sai kuma ɗalibi ya kawo mutum biyu masu tsaya masa, irin su babban ma'aikacin gwamnati ko lauyan da ya daɗe yana aiki. Ɗan manomi a ƙauye ina zai samo su? Iyaye da yawa a nan suka cire rai, kuma har yau wannan labarin ne a kunnensu. A Afrilun 2024 aka soke waccan dokar aka kafa sabuwa, wadda ta cire maganar kuɗin shigar gida, ta cire masu tsayawa, ta kuma daina hana ɗa bashi saboda mahaifinsa ya taɓa kasa biyan wani bashin. An buɗe shafin nema a ranar 24 ga Mayun 2024, aka fara da makarantun tarayya, daga baya na jihohi suka shigo. Ɗaliban Arewa ba su yi sanya ba, domin Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero suna cikin waɗanda suka yi gaba a yawan masu nema.

Bashin kashi biyu ne, kuma wannan rabuwar ita ce abin da ya kamata iyaye su riƙe. Kashi na farko kuɗin makaranta, wanda ba ya bi ta hannun ɗalibi ko na ubansa, kai tsaye ake tura shi asusun makarantar. Kashi na biyu alawus ne na Naira 20,000 a wata, da ke shiga asusun bankin ɗalibin. Ana iya neman na farko a bar na biyu. Babu kuɗin ruwa a kan ko ɗaya: abin da aka ranta shi za a mayar. Ba a fara bin bashin sai shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa, sannan a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashi daga wurin aiki, mai sana'ar kansa kuma ya riƙa biyan kashi 10 na ribarsa. Wanda lokacin ya yi bai samu aiki ba, doka ta ba shi damar kawo takardar rantsuwa cewa ba shi da aiki ba shi da kuɗin shiga, a ɗaga masa ƙafa. Wanda ya yi ƙarya a cikin bayanansa kuwa, hukuncin ɗaurin shekara uku na jiransa, don haka kada wani ya ba yaro shawarar gyara gaskiya.

Tambayoyi biyu ne suka fi damun mutanenmu, kuma dukansu na masu tsoron Allah ne. Ta farko riba. A rubuce babu ƙari a kan uwar kuɗin, kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya buga sharuɗɗan a takarda ya kai wa malamin da ya amince da shi, ya fi ya dogara da abin da ya ji a majalisa. Ta biyu mutuwa da bashi a wuya, abin da kowane Musulmi ya san nauyinsa. Dokar 2024 ta tanadi yafe bashin idan ɗalibin ya rasu. Ba a kan uba yake ba, ba kuma ya komawa kan magada.

To ina matsalarsa? Babbar ita ce lokaci. Kafin yaro ya iya nema sai makarantarsa ta ɗora sunansa da bayanansa a shafin asusun, sannan ya cike, a tantance, a amince, a tura kuɗin. Wannan zagayen kan ɗauki makonni, wani lokacin watanni, alhali wa'adin rajistar sabon ɗalibi gajere ne. Wasu makarantun kan yi wa masu jiran NELFUND uzuri su bar su su yi rajista, wasu kan ce a biya tukuna, idan kuɗin ya iso a mayar. A nan ne rigima ta tashi a 2025, lokacin da ɗalibai suka yi ta kukan cewa an tura kuɗinsu makaranta ba a sanar da su ba, ko an ja lokaci ba a mayar musu da abin da suka riga suka biya ba, har hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta shiga bincike. Darasin da ke ciki ga iyaye shi ne kowane rasit a ajiye shi, a ɗauki hotonsa a waya, a kuma buga shafin da ke nuna an amince da bashin da ranar da aka biya. Da waɗannan takardun ake zuwa ofishin kuɗi na makaranta a karɓo haƙƙi. Sauran iyakokinsa a bayyane suke: makarantun gwamnati kaɗai yake shafa, jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha ko kwalejin ilimi, kuma kowace shekarar karatu sai an sake nema.

Yanzu ga lissafin da nake so kowane gida ya zauna ya yi da biro. A ɗauka kuɗin rajistar yaro Naira 150,000 ne a shekara, kwas ɗin kuma na shekara huɗu. Bashin makaranta ya kama Naira 600,000. Idan ya haɗa da alawus, aka kuma biya shi wata goma sha biyu a kowace shekara, wannan kaɗai Naira 960,000 ne, jimilla 1,560,000. Ka ga ɗan ƙaramin kuɗin wata-wata da ake rainawa ya fi kuɗin makarantar yawa. Idan ya samu aikin Naira 100,000 a wata, ana cire 10,000, zai gama da bashin makaranta a shekara biyar, amma idan da alawus sai ya yi shekara goma sha uku. A kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, shekara bakwai da 'yan watanni ne a na farko, sama da shekara goma sha takwas a na biyu.

Akwai abin da ke sassauta wannan lissafin, kuma shi ne dalilin da ya sa nake ganin bashin kuɗin makaranta ciniki ne mai kyau ga talaka da mai matsakaicin ƙarfi. Kuɗin ba ya ƙaruwa, darajar Naira kuma raguwa take yi. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a ƙididdigar hukuma. Naira 150,000 da aka biya wa yaro bana, zai fara mayar da ita ne bayan shekara bakwai ko fiye, idan aka haɗa shekarun karatu da hidimar ƙasa da shekara biyun jinkiri, a lokacin da ba za ta sayi abin da take saye yau ba. Wanda ya sayar da saniya ko fili don guje wa wannan bashin ya rabu da abin da farashinsa ke hawa, don kauce wa abin da nauyinsa ke sauka.

Alawus ɗin ne ke bukatar tunani, kuma amsarsa ba ɗaya ba ce ga kowane gida. Yarinyar da ke kwana a gidansu a Rijiyar Zaki tana zuwa Bayero, ta ci tuwon gida safe da dare, kuɗin adaidaita kawai take bukata, ban ga dalilin ɗora mata bashin kusan miliyan ɗaya ba idan mahaifinta na iya ɗaukar kuɗin motar. Yaron da ya taso daga ƙauyen Zamfara ko Yobe ya tafi Zariya ko Sakkwato, wanda abin da ake aiko masa kwanon gero ne da ƙuli-ƙuli idan an samu mai zuwa, shi kam ya karɓa, kada a bari kunya ko tsoron bashi su hana shi. Naira 20,000 ba za ta biya masa haya ba, amma za ta raba shi da shiga aji da yunwa, kuma yunwar shekarar farko tana cin maki, makin da shi ne tikitin sikolashif a shekara ta biyu. Wata magana kuma da ba a son faɗa: kuɗin nan na yaron ne, da sunansa aka rubuta bashin. Idan gida ya mayar da shi kuɗin cefane, an ci da guminsa na gobe ba tare da an tambaye shi ba. In har larura ta sa sai an taɓa, a faɗa masa, a nemi yardarsa.

Tallafin karatu kuwa, babu mai musun ya fi bashi, tunda ba a mayarwa. Sai dai iyayen sabon ɗalibi su sani cewa mafi yawansa ba na sabon ɗalibi ba ne. Hukumar bayar da tallafin karatu ta tarayya kan nemi wanda ya kai aji biyu zuwa sama, mai matsakaicin maki 4.0 cikin 5.0, kuma a 2025 aka sanar da ɗaga kuɗin masu digirin farko daga Naira 300,000 zuwa 450,000 a shekara. Gidauniyar MTN kan ɗauki 'yan aji uku na fannin kimiyya da fasaha masu maki 3.5, tana kuma da wani tsarin daban na ɗalibai makafi, abin da iyayen masu lalurar gani da yawa ba su sani ba. Asusun PTDF, wanda aka kafa tun 1973, ya fi karkata ga kwasa-kwasan da suka shafi man fetur da iskar gas. Haka kamfanonin mai da dama: injiniya, likitanci, ilimin ƙasa da ma'adinai, kimiyyar kwamfuta. Yaron da ke karanta Hausa ko Tarihi ko Nazarin Addinin Musulunci ƙofofinsa a wajen kamfanoni kaɗan ne, komai ƙoƙarinsa, kuma gara iyayensa su san haka tun farko su gina shirinsu a kan bashin da tallafin jiha.

Bayan maki akwai jarrabawar tantancewa, galibi a kwamfuta, da Turanci, cikin ƙurarren lokaci. Yaranmu da suka fito daga makarantun gwamnati na karkara sukan faɗi a nan, ba don rashin ƙwaƙwalwa ba, don hannunsu bai saba ba. Hutun ƙarshen shekarar farko lokaci ne na zama a gaban kwamfuta da tsofaffin tambayoyi. Uban da ke son taimakon ɗansa a harkar sikolashif, kuɗin da zai kashe a nan ya fi amfani da wanda zai kashe wajen neman wanda ya san wani.

Tallafin jiha ya fi kusa da hannu, amma ya dogara da wanda ke kan mulki da abin da ke cikin baitulmali. A 2023 gwamnatin Kano ta amince da Naira miliyan 700 don biya wa 'yan jihar 7,000 kuɗin rajista a Jami'ar Bayero, ta kuma rage rabin kuɗin manyan makarantunta. A shekarar ce Kaduna ta sauke kuɗin jami'ar jihar daga Naira 150,000 zuwa 105,000. Waɗannan sun ceci karatun yara da yawa. Amma abin da aka yi bana ba alkawari ba ne na baɗi, kuma alawus ɗin da hukumomin tallafin karatu na jihohi ke biya sau da yawa kaɗan ne, yakan kuma zo bayan an daɗe da rufe rajista. A cike fam ɗin duk shekara, idan ya zo a gode wa Allah a sayi littattafai ko a rage kuɗin ɗaki, amma kada a rubuta shi a lissafin ranar biya. Haka tallafin sanatoci da 'yan majalisa da attajiran gari: a nema, ba abin kunya ba ne, sai dai wanda ya biya aji ɗaya ba lallai ya biya aji huɗu ba.

Duk tallafin jiha da yawancin na tarayya suna neman takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Ga wanda ke zaune a garinsu wannan aikin yini ɗaya ne ko biyu. Ga ɗan Katsina da aka haifa a Agege ko Sabon Garin Ibadan ko Jos, tafiya ce zuwa gida, a bi ta wurin mai unguwa da dagaci ko hakimi kafin sakatariya. A yi wannan tafiyar tun yaro na jiran sakamako, domin tallan sikolashif kan ba da makonni kaɗan ne kawai. A kuma karanta sharuɗɗa da kyau, domin kamfanoni da dama ba sa ba wanda ke riƙe da wani sikolashif ɗin. Idan Allah Ya sa yaro ya samu mai kauri, shekara mai zuwa sai ya ƙi sabunta bashin, tunda dama shekara-shekara ake nema. Wannan ne ya sa bashin da tallafin ba kishiyoyi ba ne.

Kuɗin gida shi ne ba makawa a farko, domin kuɗin karɓar gurbi da na mota da na ɗaki ba sa jiran kowa. Amma hanyoyin samo shi ba darajarsu ɗaya ba. Mafi sauƙin ɗauka adashi ne da aka shirya tun da wuri, aka roƙi uwar adashi ta sa kwasar ta faɗo a watan rajista, sai rancen ƙungiyar ma'aikata ga wanda yake ciki. Dangi ma hanya ce, kuma an fi samun biyan bukata idan aka yanka wa kowa abu takamaimai. “Kawu, kuɗin ɗakin Aminu dubu kaza ne, ko za ka ɗauke mana shi?” ta fi “a taimaka mana da kuɗin makaranta” saurin samun amsa, kuma mai bayarwa ya san abin da ya ɗauka har zuwa baɗi. Sayar da rago ko akuya biyu abu ne da garke ke mayarwa. Hatsi kuma matsalarsa lokacin biya yakan faɗo a kaka, sa'ad da kasuwa ta cika farashi ya faɗi, mutum ya sayar da buhu uku a kuɗin da biyu za su kawo masa da bazara. Idan makaranta na karɓar biya kashi-kashi, a tambaya, a biya rabi a riƙe sauran buhunan.

Daga nan sai hanyoyin da nake roƙon iyaye su nisanta. Rancen albashi na banki ruwa ne a kansa, kuma a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwan Babban Banki kansa kashi 27.5 ne, na bankunan kasuwanci ya ɗara haka. Idan ruwan ya kai kashi 30, duk Naira 100,000 da ta shekara a hannunka ta jawo maka 30,000, ga albashin da ya ragu alhali ƙannen yaron na biye da shi. Manhajojin rance na waya sun fi wannan muni, ga ruwa mai yawa cikin 'yan makonni, ga tozarta mutum a wurin duk wanda lambarsa ke wayarsa. Sai jinginar da gona ko sayar da ita, da sayar da gwal ɗin uwa ko keken ɗinkinta. Gonar ita ce ke ciyar da gidan har da ɗalibin, kuma kuɗinta kan ƙare a aji biyu a bar mutum ba gona ba kuɗin aji uku. Kafin 2024 iyaye da yawa ba su da wata mafita sai wannan, kuma ba wanda zai zarge su. Yanzu ga yaron da ke makarantar gwamnati akwai mafita.

Zaɓin makarantar ma wani ɓangare ne na wannan hukuncin. Jami'a mai zaman kanta ba ta cikin NELFUND, don haka wanda zai kai ɗansa can ya tabbata yana da kuɗin shekara huɗu, ba na shekarar farko kaɗai ba. Karatun waje ya ƙara nisa tun da Dala ta tashi daga wajen Naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma a 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da tura sababbin ɗalibai waje a ƙarƙashin yarjejeniyar musayar karatu da ƙasashe. Gurbi a jami'ar jiha ko kwalejin da ke kusa da gida, inda yaro zai kwana a ɗakinsu, yakan rage rabin wahalar tun kafin a nemi taimakon kowa.

Akwai abu guda da ke rushe hanyoyin nan duka a lokaci ɗaya, kuma ya fi kama mu fiye da sauran jama'a: saɓanin suna. Neman bashin yana bukatar lambar JAMB, lambar NIN, lambar BVN, takardar samun gurbi da asusun banki na ɗalibin kansa, kuma na'ura ce ke gwada su da juna. Mu kuwa yaro ɗaya yana iya zama Muhammad a takardar firamare, Mohammed a WAEC, Muhammed a banki. A wata takardar sunan mahaifi ne a ƙarshe, a wata sunan kaka, a wata sunan gari, Abubakar Sani Gumel nan, Sani Abubakar can. Ranar haihuwa ma haka, wata an rubuta 1 ga Janairu don ba a tuna ba, wata an rage shekara. Mutum zai gane yaro ɗaya ne, na'ura ba za ta gane ba, sai ta ajiye takardar, yaro ya yi ta jira yana zaton layi ne bai zo kansa ba. A shimfiɗa takardun nan gaba ɗaya a kan tabarma, a bi su harafi bayan harafi. Wanda ya saɓa a gyara shi a inda aka yi shi, NIN a hukumar NIMC, BVN a banki, na JAMB a ofishinsu ko cibiyar da suka amince da ita. Gyaran na cin kuɗi da makonni, shi ya sa ake fara shi kafin gurbi ya fito.

Haɗe da wannan akwai maganar shagon intanet. Neman bashin kyauta ne, ba shi da dillali, kuma duk wanda ya ce a ba shi wani abu ya sa a amince da sauri damfara ce. Idan a shago za a cike, lambar waya da adireshin imel su zama na yaron, shi ya zaɓi kalmar sirrinsa, kada a bar mai shago ya sa nasa don sauri. Shekara huɗu za a yi ana komawa wannan shafin, kuma layin wayar da aka yi rajista da shi kada a bari ya mutu. Lambar sirrin da banki ke turowa ba a karanta wa kowa, ko da ya kira ya ce daga Abuja yake.

Maganar 'ya'ya mata tana bukatar a faɗe ta a fili, domin a gidaje da yawa idan kuɗi ya gaza, karatun mace ake fara ajiyewa. Wasu iyayen na tsoron a ce sun aurar da yarinya da bashi a kanta. Bashin nata ne ita kaɗai, ba ya hawa kan miji, biyansa kuma a ɗaure yake da samun aiki ko sana'a, ga damar neman jinkiri ga wadda ba ta da kuɗin shiga. Abin da ya dace shi ne a sanar da mai neman aurenta tun farko, kamar yadda ake sanar da shi cewa za ta ƙarasa karatu. Bashin kuɗin rajista na shekara huɗu abu ne da malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya za ta iya saukewa a hankali, kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan a ce ta bar gurbin da ta sha wahala ta samu.

Ko mace ko namiji, kada a cike fam ɗin bashi a bayan idon mai shi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wannan da sunan ɗan shekara goma sha bakwai ko sha takwas za a rubuta shi, kuma shi za a cire wa albashi lokacin da yake neman kuɗin aure da na haya. A nuna masa lissafin nan na sama da alƙaluman makarantarsa, a bar shi ya faɗi ra'ayinsa a kan alawus, ya kuma riƙa rubuta abin da aka biya masa kowace shekara.

Ma'aikacin da ke da ɗa ɗaya a jami'a kuma albashinsa na ɗaukar rajistar ba tare da rance ba, ya biya abinsa, ba dole sai an ci bashi don ana bayarwa ba. Mai 'ya'ya biyu ko uku a manyan makarantu lokaci guda, ya bar asusun ya ɗauki rajistarsu, shi ya ji da ci da ɗaki. Manomi da ɗan kasuwar da jarinsa bai taka kara ya karya ba, da uwar marayu, su nemi kashi biyun duka, su tanadi kuɗin shiga na farko daga adashi ko dabba ko dangi. Kuma tun ranar da aka je tantance takardu, a shiga ofishin kula da harkokin ɗalibai a yi tambaya biyu: yaushe za a ɗora sunayen sababbin ɗalibai a shafin NELFUND, kuma wanda ya biya da kuɗinsa kafin bashin ya iso, ta wace hanya ake mayar masa, cikin kwana nawa. A rubuta amsar da sunan ofishin da ya bayar da ita, domin a kanta za a san ko a biya yanzu ko a jira.